Tsakuren Dakta Sabitu

In ka shiga Ƙofar Dumi ka ce a nuna maka gidan Sabitu, sai mutum biyar su taru suna sosa ƙeya. Amma ka ce gidan Dakta, yanzu mai acaɓa zai kai ka har bakin zaure.

Bai taɓa aiki a asibiti ba, kuma ba wata jami'a ce ta ba shi sunan ba. Malamin wasanni ne a wata firamare, shekara talatin da usur a wuya har ya yi ritaya. Wata rana wani ɗalibi ya suma a filin ƙwallo, Sabitu ya ɗauko bokitin ruwa ya kwara masa, ɗalibi ya miƙe a firgice. Hedimasta ya ce, "Kai, Malam Sabitu ai dakta ne!" Da wasa bawan Allah ya faɗa, amma Sabitu ya cafe maganar da hannu biyu. Kafin Juma'a ta zagayo ya sa an rubuta ta da jan fenti a ƙofar gidansa. Yau shekara ashirin da biyu ke nan, kuma duniya ba abin da yake so kamar sunan nan. Ka taka masa ƙafa zai yafe, ka kira shi babu Dakta kun ɓata har Sallah.

Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta. Ciwon baya, tsalle ashirin. Hawan jini, tsalle ashirin. Wani ya kawo kukan matarsa ta yi yaji, ya ce ya yi talatin.

Majalisarsu benci biyu ce a ƙofar shagon Bappa tela, sa'ansa kuma abokin tsamarsa tun suna makarantar allo. Shi ma Bappa yakan ce Dakta, amma yana jan kalmar kamar yana jan zare, yadda duk mai kunne zai ji dariya a ciki.

Wata Laraba da la'asar Juliana ta zo karɓar ɗinki. 'Yar Bogoro ce, tana zaune a unguwar Gwallameji, tana aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti. Ɗinki dai ba a ko yanka ba, kamar yadda teloli suka saba.

"Baba Bappa, don Allah ka gama mini kafin wata biyu," in ji ta. "Wataƙila in je taro Abuja."

Kunnen Dakta ya tashi. "Wane taro, 'yata?"

"Na masana ne, Baba Dakta, kan motsa jiki da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kowa zai aika tsakure, wato ɗan taƙaitaccen bayanin binciken da ya yi, kalma ɗari biyu da hamsin. In kwamiti ya karɓa, sai a kira ka ka yi jawabi."

"Motsa jiki? Ƙwaƙwalwa? Kuma ba a aiko mini ba?" Dakta ya dubi majalisa yana girgiza kai. "Kun ga abin da ke kashe ƙasar nan. Ga mai abu a zaune, sun je suna neman 'yan koyo."

Juliana mai kirki ce. Ta ce ita shekara guda ta yi tana bibiyar tsofaffi arba'in, in yana so ya taya ta tara dattawan unguwa, ta sa sunansa a wurin godiya.

"A wurin godiya? Ni?" Dakta ya yi dariya har da tari. "'Yata, kina goye nake busa usur. Ni ma zan aika nawa. Ke dai ki yi addu'a kada a sa jawabinki bayan nawa, don ba za ki sami mai saurare ba."

Bappa ya tsayar da keken ɗinki. "To mu yi alkawari gaban mutane. In suka karɓa, ni zan ɗinka maka rigar farfesoshi da hularta mai tunku, kuma daga ranar Farfesa zan riƙa kiranka. In suka ƙi, ka ajiye mana Daktan nan, ka koma sunan da aka yanka maka rago da shi."

Dakta ya so ya zame, amma idanu sun yi masa yawa. Ya ce, "Fara neman yadi, kuma mai tsada." Alhaji Hammawa, dattijon majalisar mai shekara tamanin da 'yan kai, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi ne shaida.

Kafin ta tafi Juliana ta yi masa bayanin ƙa'ida. Sati shida ya rage a rufe karɓa. Dole a sami rukuni biyu, masu motsa jiki da waɗanda ba sa yi, a ƙarshe a gwada ƙwaƙwalwarsu a ga wa ya fi. Dakta ya ce ai shi ya koya wa Turawa wannan.

Washegari ya tara mutum goma sha biyu, ya ce shida za su yi gudu bayan sallar asuba, shida kuma su zauna a benci a kawo musu koko da ƙosai. Ya ce masu son zama su ɗaga hannu. Hannu goma sha ɗaya ya tashi. Alhaji Hammawa ne kaɗai ya ce shi gudu zai yi, don a zamaninsa da ƙafa yake kai shanu har Jos.

"Alhaji, shekarunka fa."

"Shekaruna a hannunka suke? Rubuta ni."

Aka yi ta ja-in-ja. Alaramma mai makarantar allo ba wanda zai iya cewa ya tashi ya yi gudu. Bappa ya ce ƙafarsa ta keke ce, da ita yake ci. Daga ƙarshe Dakta ya cika masu gudu da waɗanda ba su iya musu ba: mai wanki, mai gyaran rediyo, mai facin taya da wasu surukai biyu da ba sa haɗa ido.

A gida matarsa Maimuna ta tarar da shi yana zaro tsohon wandonsa na wasanni daga ƙasan akwati.

"Malam, wannan wandon ai tun ina amarya ya daina shigarka."

"Bincike zan yi, Maimuna. Abuja ke jira."

"To Allah ya sa Abuja ta zo da allura da zare."

Ranar Asabar ana sallame asuba Dakta ya jera mutanensa a bakin masallaci, kowa da rigarsa da hularsa, ya hura usur, ya zura a gaba. Abin da bai lissafa ba shi ne, a Ƙofar Dumi babu wanda ya taɓa ganin dattijo yana gudu don nishaɗi. In ka ga mai furfura a guje, to ko gobara ko ɓarawo. Wata mata mai shara ta ɗaga kai ta ga mutum ɗaya a gaba, shida na bin sa, na ƙarshe yana ɗaga sanda. Ta yar da tsintsiya ta kurma ihu.

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawo!"

Ƙofofi suka buɗe. Maƙera suka fito da guduma, masu shayi da ludayi, 'yan acaɓa suka tare bakin lungu. Dakta ya waiwaya ya ga unguwa kaf a bayansa, farin ciki ya kama shi, ya ce a ransa lallai jama'a sun karɓi ilimi. Ya ƙara wuta yana busa usur. A kwanar maƙera wani ƙaton maƙeri ya sa masa ƙafa, ya kife a bakin kwata, wandon ya yi ƙara daga gaba har baya. Ya sha mari uku da ranƙwashi ɗaya kafin wani ya haska fuskarsa.

"Innalillahi! Dakta ne!"

"Me ya sata?" in ji wani daga baya.

Alhaji Hammawa ya iso yana haki, bai san an gama ba, ya sauke masa sanda a gadon baya. Da aka ce masa ai Dakta ne, ya ce shi ma ya ji ana ɓarawo ne, ya manta abin da ya fito da su.

Maimuna na gasa masa baya da ruwan zafi tana danne dariya. "Malam, in yi maka tsalle ashirin ko kai za ka yi?"

"Duk manyan masana sun sha wuya," in ji shi cikin filo.

Daga ranar aka koma filin wata makaranta a bayan gari, inda ba mai ihu. Nan ma ba a tsira ba. Mai wanki ya ce gudu na sa shi yunwa, yakan ɓalle daga layi ya koma benci wajen ƙosai. Surukan nan biyu ba wanda zai wuce gaban wani, sai su tsaya kowa na cewa "Bismillah, wuce," har rana ta fito. Masu zama kuwa da suka ji ana ba da labarin faɗuwar mutane, sai suka ce ba za a bar su a baya ba, suka riƙa takowa da ƙafa har filin don kallo, su koma da ƙafa. Ta haka masu zama suka fi masu gudu tafiya. A sati na huɗu Alhaji Hammawa ya ce zai nuna yadda ake tsallake rafi da shanu, ya tsallake lambatu, gwiwarsa ta ce ba da ita ba. Juliana aka kira ta ɗaure.

"Baba Dakta," ta ce a hankali, "ka bar abin nan. Shekara mai zuwa mu yi tare, yadda ya kamata."

"Kin fara jin tsoro ke nan," in ji shi. Wanda ya ƙi ji dai ba ya ƙi gani ba.

Ranar gwaji aka taru a majalisa. Dakta ya ce zai karanta abu goma, kowa ya maimaito daga ka: tulu, jaki, gishiri, fitila, tabarma, igiya, albasa, makulli, buta, kaza. Mai gyaran rediyo aka fara kira.

"Tulu. Jaki. Gishiri." Ya tsaya yana kallon sama.

"Fitila," in ji Alaramma a hankali.

"Fitila. Tabarma."

"Igiya!" majalisa ta amsa baki ɗaya.

Dakta ya yi tsalle. "Haba jama'a! Gwaji ne! Ba a tuna wa mutum!"

Alaramma ya gyara rawani. "Dakta, mu tun muna yara in mai karatu ya kakare, na kusa da shi yake buɗa masa. Liman ma in ya tsaya a salla ana tuna masa, balle mai rediyo. Ina zaune ɗan'uwana yana neman fitila in yi shiru? Ba da ni ba."

Dakta ya koma shigar da su ɗaya bayan ɗaya cikin shagon Bappa, ya ja labule. Amsa ta riƙa shigowa ta taga. Ya rufe taga, sai ga Bappa yana ɗaga buta da makulli daga bayan keke. Da aka tashi, masu gudu sun ci goma bisa goma, masu zama sun ci goma bisa goma. Alhaji Hammawa shi kaɗai ya ci goma sha huɗu, don ya ƙara da sa, da saniya, da maraƙi, da sunan wani abokinsa da ya rasu a Jos. Ba wanda ya isa ya rage wa dattijo maki.

"To Dakta," in ji Bappa, "me bincike ya nuna?"

Dakta ya naɗe takardar ya tura aljihu. "Ba a faɗin sakamako a bakin titi."

Gaskiyar magana, sakamakon ya ɗaure masa kai. Ya kwana biyu yana juya takardar nan sama da ƙasa ko za ta nuna wani abu, ta ƙi.

Ranar rufe karɓa, ƙarfe biyar na yamma ne wa'adi. Ƙarfe biyu Dakta ya isa shagon Lucky, wani magidanci mai kwamfuta da injin hoto a unguwar Ɗan Iya, kuma majalisa kaf ta biyo shi a keke napep uku, har da Alhaji Hammawa da gwiwa a ɗaure. Lucky ya buɗe shafin taron a intanet, ya ce Dakta ya faɗa da Hausa shi zai mayar Turanci.

"Baba, sun tambaya wace jami'a ka yi digirin dakta."

"Rubuta: kowa ya sani."

"Baba, gurbi ne na sunan makaranta."

"Na ce rubuta."

Lucky ya rubuta. Dakta ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya sa hannu a baya.

"Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan alheri ga mai girma shugaban kwamiti, da mataimakansa, da iyalansu baki ɗaya. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya kamar yadda ta bar mu lafiya."

"Amin," in ji majalisa.

"Baba, ba a gaisuwa a tsakure," in ji Lucky. "Kai tsaye ake shiga. Me ka bincika, ta yaya, me ka samu. Sun ma ce kada a sa sunan kowa a ciki, don masu dubawa kada su san mai shi."

Alaramma ya ce, "Wato ka faɗa wa manyan mutane gida babu sallama?"

"Kuma babu suna!" in ji Dakta. "Takardar ɓarawo ce? Ci gaba, ɗana, kai ba ka san manya ba."

Ya gaida Mai Unguwa, wanda da izininsa aka yi gudu. Ya gaida Alaramma da ɗalibansa. Ya gode wa Alhaji Hammawa da ya ba da gwiwarsa saboda ilimi, ya roƙi kwamiti ya sa shi a addu'a. Mai wanki ya ce shi fa? Aka sa shi. Mai faci ya ce a ambaci inda shagonsa yake, ko wani daga Abuja zai yi faci. Surukai biyu kowa ya ce a fara sa ɗan'uwansa, aka ɓata minti ashirin. Sannan Dakta ya kawo tarihin kansa, tun daga bokitin ruwa. Ya numfasa ya ce, "Bayan haka, dalilin rubuto wannan takarda shi ne..."

"Baba, ya cika."

"Me ya cika?"

"Akwatin. Kalma ɗari biyu da hamsin cif. Ka ga ya yi ja. Ko harafi ɗaya ba zai ƙara shiga ba."

"Matsa su, su gyara zama."

"Ba keke ba ne, Baba. Sai dai a cire wani abu."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Kafin Lucky ya tayar da janareta, ƙarfe huɗu da rabi ta yi. Dakta ya share gumi ya ce to a rage.

"A cire gaisuwar Mai Unguwa," in ji Lucky.

"A'a! In ya ji fa? A unguwarsa nake kwana."

"Ta Alaramma?"

Alaramma ya dubi Dakta ta saman tabarau. Dakta ya ce a bar wannan.

"Gwiwar Alhaji ta ci kalma talatin."

Alhaji Hammawa ya ɗaga sanda. "Taɓa ta ka gani. Ni na ba da gwiwa, kai me ka bayar?"

"To a cire labarin bokiti," in ji Bappa.

"Ka ji maƙiyi! Su san da wa suke magana ta yaya?"

Mai wanki ya ce in aka cire shi, kowa ya nemi mai wanke masa kaya. Mai faci ya ce shi kalma bakwai kawai ya ci. Aka yi ta hayaniya, agogo na tafiya. Saura minti biyar Lucky ya ɗaga hannu.

"Baba, ko dai mutane su fita bincike ya shiga, ko bincike ya haƙura. Zaɓi ɗaya."

Dakta ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, ya taɓa aljihun da takardar goma bisa goma take. Wani sanyi ya ratsa shi, irin na wanda aka sauke wa kaya.

"Aika haka," ya ce da ƙarfi. "Su masana ne. In sun ga irin mutanen da ke cikin aikin, sun san sauran."

Lucky ya ɗaga kafaɗa ya danna. Nan take saƙo ya dawo cewa takarda ta isa, za a ba da amsa ranar Asabar ta sama.

"Kun gani?" in ji Dakta. "Ko minti ɗaya ba su iya jira ba."

"Baba, kowa haka ake aiko masa. Kwamfuta ce ke amsawa."

"Har kwamfutarsu ta san ni."

Daga nan bakin Dakta bai sake rufuwa ba. Ya je ya tsaya gaban Bappa ya buɗe hannuwa a auna shi, ya ce a saki hannun rigar sosai don yana yawan nuni in yana jawabi. Ya tambayi farashin fenti, don Farfesa ta fi Dakta tsawo. Ya yi wa mutum huɗu alkawarin aiki a Abuja. Sannan ya sanar cewa ranar Asabar akwai walima a ƙofar gidansa, a nan za a buɗe amsar gaban kowa.

"Malam," in ji Maimuna, "ka bari amsa ta zo mu gani tukuna. In alheri ne, masa ba ta gudu."

"Jiƙa shinkafa, Maimuna. Matar farfesa ba ta gardama."

Ta jiƙa. Ta ce ko ba komai jama'a sa ci abinci.

Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Ga masa tuli, ga miyar taushe, ga zoɓo. Mai Unguwa ya zo, maƙera sun zo, har ƙaton da ya sa wa Dakta ƙafa ya zo ya zauna gaba-gaba. Bappa ya rataye rigar a jikin ƙofa inda kowa zai gani, baƙa mai jan baki. Lucky ya kawo amsar a buge a takarda, a cikin ambulan, ya miƙa ya koma can baya kusa da hanya. Dakta ya kira Juliana, wadda ita ma aka gayyata.

"'Yata, ke za ki karanta ki fassara. Ki ɗaga murya, kada ki ji kunya don naki bai samu ba."

"Nawa an karɓa, Baba, tun safe."

"Madalla. Sun yi miki alfarma saboda ni."

Juliana ta buɗe takardar, idonta ya bi layukan, ta ɗago. "Baba Dakta, mu shiga zaure in karanta maka kai kaɗai."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karanta!"

Ta karanta. "Sakataren kwamiti ne ya rubuto. Ya ce: Mun sami gaisuwarku, muna amsawa, kuma iyalanmu duk suna lafiya."

"Alhamdu lillahi," in ji jama'a.

"Shugaban kwamiti ya ce a gaida Mai Unguwa da Alaramma."

Mai Unguwa ya gyara zama, ya ce yana amsawa.

"A yi wa Alhaji Hammawa sannu da gwiwa, Allah ya ba shi lafiya."

"Amin! Amin!" Alhaji Hammawa ya dubi na kusa da shi. "Kun ji? Har Abuja."

Dakta na murmushi yana gyaɗa kai, ya riga ya fara miƙa hannu wajen rigar. Juliana ta ci gaba.

"Ya ce: Cikin tsakure ɗari uku da muka karɓa, naku ne kaɗai ya tambayi lafiyarmu, kuma mun gode. Sai dai mutum uku sun duba shi gaba da baya, ba su ga bincike a ciki ba. Takardar ta ƙare daidai inda kuka ce za ku faɗi dalilin rubuto ta. Saboda haka ba a karɓa ba."

Hannun Dakta ya tsaya a iska.

"Akwai saura," in ji Juliana da ƙaramar murya. "A wurin jami'a kun rubuta kowa ya sani. Mun tambaya a nan, ba a sami wanda ya sani ba."

Ƙaton maƙerin nan ne ya fara dariya, zoɓo ya fito masa ta hanci. Sai wuri ya ɓarke. Mata a zaure suna riƙe ciki, mai wanki ya kwanta a tabarma, Alaramma ya rufe baki da gefen rawani kafaɗunsa na rawa.

"Hassada ce!" Dakta ya yi ihu. "Sun ga aikin ya fi ƙarfinsu! Ai sun amsa gaisuwa, wa suka amsa wa in ba ni ba?"

Bappa ya tashi a nutse, ya sauke rigar, ya ninke ta huɗu ya sa a hammata. "Alhaji, kai ne shaida."

Alhaji Hammawa ya buga sanda. "An yi alkawari gabana, kuma ya tabbata. A ci abinci."

Aka koma kan masa. Dakta ya sulale ya zauna a gefen tabarma, yana kallon jan fentin da ke ƙofar gidansa. Bai taɓa jin abu ya yi masa ciwo haka ba, har marin kwanar maƙera.

"Sabitu," in ji Alhaji Hammawa, "miƙo mini miyar nan."

Ba wanda ya motsa.

"Sabitu!"

Dakta ya waiwaya bayansa, ya dubi hagu, ya dubi dama. Da Alhaji ya kira na uku, haushi ya kama shi, ya daka tsawa.

"Wai ina Sabitun nan ne? Dattijo na ta kira, ba shi da kunne?"

Wannan karon har Mai Unguwa sai da hularsa ta faɗi don dariya. Bappa ya share hawaye ya juya wajen Juliana.

"'Yata, ki sa wannan a jawabinki na Abuja. Sati shida mutum yana gudu don ƙwaƙwalwa, ga shi sunansa ma ya manta."

Sabitu ya miƙe. Ya ɗauki kwanon miyar da hannu biyu, ya matsa gaban dattijon.

"Na'am, Alhaji," in ji shi.